Birkin Jirgin San Pedro

Da Hortensia ta buɗe rumfar da ake ajiye tirelar jirgin ruwa, wari ne ya fara tarar ta, irin warin ƙarfen da ya daɗe da shan ruwa. Ta tsaya a bakin ƙofa har idonta ya saba da duhun wurin. Tirelar tana nan inda aka bar ta tun bikin bara, doguwa mai taya huɗu, gishiri ya bushe a jikinta ya yi fari fat. A ƙarƙashin kowace taya akwai ɗan tulin jan gari kamar gidan tururuwa.

Ta durƙusa ta ɗebo da yatsa. Tsatsa ce.

Ƙaninta Fermín ya shigo yana cin soyayyar wainar sopaipilla, mai na bin hannunsa.

"Yaya, me kike nema a ƙasa? Ɗan kunne kika yar?"

"Kawo jak da sifana."

"Tun yanzu? Ai bikin da saura."

"Kawo dai."

Suka ɗaga taya ɗaya suka kwance ta. A bayanta akwai kwanon ƙarfen da birki ke zaune a ciki. Ya ƙi fita sai da Fermín ya sa masa guduma. Da ya fita, abin da ke cikinsa ya zubo ƙasa ɓaro-ɓaro kamar busasshen ƙanzo. Birki babu. Sai dai alamar inda birki ya taɓa zama.

Fermín ya daina tauna.

A garinsu Melimo ko yaro ya san yadda ake bikin San Pedro, waliyyin masunta. Da safe ake tura tirela cikin teku har ruwa ya shanye tayoyinta, a ɗora jirgi a kai, a ja shi zuwa cocin da ke kan tudu yana ɗigar ruwa. Teku ce ke nan ta je gaishe da waliyyi. A ƙofar coci a tsayar da mutum-mutumin San Pedro a goshin jirgin, sannan a gangaro da shi bakin ruwa a hankali. Hanyar ɗaya ce, miƙaƙƙiya, kuma gangarenta ya isa a kira shi gangare. A gaban motar da ke ja, dab da hancinta, matan teku ne ke tafiya, wato matan da teku ta riƙe mazajensu ba ta dawo da su ba. Kowace da kyandir a hannu, kuma ba sa waiwaye. An ce wadda ta waiwaya ta kira wa teku wani namijin daga gidanta. In an gama, jirgi ya koma kamun kifi, tirela kuma a mayar da ita rumfa yadda take. Ba a wanke ta. Ruwan ranar na albarka ne, a jikinta yake bushewa har wata shekarar.

Shekara da shekaru Baffa Nicanor, yayan mahaifinsu, shi ke jan jirgin da tsohuwar gingimarinsa. Ta fi jirgi da tirela nauyi nesa ba kusa ba, ita ke riƙe komai a gangaren, shi ya sa ba wanda ya taɓa tambaya ko tirela tana da birki. Bana injin gingimarin ya buga, yanzu kaji ne ke kwana a cikinta. Motar da ta rage mai ƙugiya a baya duk garin ita ce a-kori-kurar da Hortensia ke kai kifi birni da ita, kuma jirgin da za a ja, na Fermín, shi da injinsa ya fi ta nauyi.

Abin da ya fi tsaya wa Hortensia a wuya shi ne tsarin sahun matan. Wadda rashinta ya fi kusa ita ke tafiya a baya, kusa da waliyyi, kusa da mota. Tun da teku ta ɗauke mahaifinsu Baldomero ba ta sake ɗaukar kowa ba a Melimo. Saboda haka bana ma, kamar bara, mahaifiyarsu Zoila ce za ta kasance a gaban hancin motar.

Washegari Hortensia ta sa ragowar birkin a buhu ta tafi birni wurin Don Ovidio, makanikin da ke gyara wa masu jiragen ruwa tirelolinsu. Ta same shi a bakin gareji yana shan shayin mate, cikinsa ya riga shi fitowa daga riga. Ta zazzage buhun a gabansa.

Ya duba, ya juya ɓarɓashin da ƙafa.

"'Yar Baldomero, wannan daga wane kabari kika tono shi?"

"Daga tirelar San Pedro."

"Ashe dai. Waliyyinku yana da haƙuri. Ni ne shi da na sauka na taka da ƙafata." Ya miƙa mata kofin mate. "Yaushe rabon ku wanke ta?"

"Ba ma wanke ta, Don Ovidio. Ka sani."

"Na sani. Ina tambaya ne ko Allah ya shirye ku."

Ya shiga ciki ya fito da abubuwa biyu ya ajiye a kan teburin aiki. Ɗaya kwano ne irin wanda suka fasa, sabo fil, baƙi. Ɗayan faifan ƙarfe ne mai sheƙi, a buɗe, da wani ɗan muƙamuƙi da ke cizonsa a gefe.

"Ga mai kwano, ga mai faifai. Duka biyun aikinsu ɗaya. Ba ke za ki taka su ba. Idan motarki ta rage gudu, tirela ta taho ta tunkuɗe ki ta baya, tunkuɗar nan ce ke matse su. Sai kayan sun ture ki birkin ke farkawa."

Hortensia ta ce, "Wanne ya fi?"

"Mai kwano ina da huɗu, kowace taya ta samu nata. Mai faifai biyu kacal gare ni, sauran sai bayan bikinku za su iso daga Santiago. Kuma ba na haɗa su, na'urar da ke matse wannan daban, ta wancan daban. Ko huɗu masu kwano, ko biyu masu faifai."

"Ai huɗu sun fi biyu."

"A bushe, ƙwarai kuwa." Ya ɗauki kwanon, ya tsiyaya masa ruwa daga buta, ya girgiza, ya miƙo mata. Ruwan yana ciki yana kai da komo. "Amma ku ba a bushe kuke saukowa ba. Za ki tsoma ta a teku, ta sha ruwa da yashi. Sannan ki hau tudu, a hawa kuwa ba abin da ke tura ki, birki ba ya taɓa komai balle ya yi zafi ya bushe. Ki iso saman da cikinsa cike. Kwano sunansa kwano, riƙe ruwa ne aikinsa." Ya zuba sauran ruwan a kan faifan, ya gangare ƙasa nan take. "Wannan shi ba ya ajiya."

"To biyun za su riƙe jirgin?"

Don Ovidio ya goge hannu da tsumma.

"Jirgin kawai, ina jin za su riƙe. Huɗun ma mai yiwuwa su riƙe, in ruwan ya tsiyaye kafin a gama addu'a. Ba zan rantse miki a kan ko ɗaya ba, ɗiyata. Wa ke gaban mota bana?"

"Mamana."

Bai sake yin wasa ba. Ya ce ta je ta yi tunani, in ta yanke shawara zai zo da kansa ya ɗaura.

Kafin ta iso gida magana ta riga ta, don Fermín ba ya iya riƙe ko ruwa a baki. Ta tarar da Baffa Nicanor zaune a ɗakin girkinsu kusa da murhu, hularsa a gwiwa, Mama Zoila tana zuba masa romon kifi. Shi ne shugaban ƙungiyar masunta, kuma ba ya son ya ji abu daga bakin wani kafin a zo a faɗa masa.

"Sannu da zuwa, direba," in ji shi. "An ce kin je sayo wa San Pedro takalma."

"Sannu da hutawa, Baffa. Na je dubawa ne."

Ta faɗa masa abin da Don Ovidio ya ce, ba ta rage komai ba. Ya saurara yana hura miya.

"Huɗu da biyu, har sai an je birni an tambaya? Jaki ma da ƙafa huɗu yake sauka gangare. Sa masu kwano. Irinsu ubanki ya sa da hannunsa lokacin da muka ƙera tirelar."

"Su ne na kwaso a buhu, Baffa."

"Sun yi zamaninsu."

"Gishiri ne ya cinye su. Da ana zuba musu ruwan rijiya bayan biki…"

Ya ajiye cokali. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa.

"Hortensia, shekarar da Baldomero ya tafi, kin san abin da aka yi? Wani mai tsafta ya ga tirela ta yi fari ya kama ta da ruwan famfo. Ba a rufa wata biyu ba teku ta ɗauke shi. Tun daga nan ba a sake wankewa ba, kuma tun daga nan ba mu sake tsayawa a bakin ruwa muna jiran jirgin da ba zai dawo ba. Ban ce wannan ne ya jawo wancan ba. Na ce dai haka aka yi."

Mama Zoila ta juya tana goge tukunyar da ta riga ta goge.

"To Baffa, alfarma ɗaya," in ji Hortensia. "Bana kada dattawa su hau jirgin. Motata ƙarama ce."

"Waliyyi ya sauko shi kaɗai kamar wanda ba shi da dangi? Tsofaffi nawa ne, duk ƙashi ne da fata. Ke dai ki riƙe sitiyarinki."

Bayan ya tafi ta zauna tana kallon bayan mahaifiyarta. Ƙaramar mace ce, kitsonta guda ɗaya ya yi fari, ya sauko har tsakiyar baya. Hortensia ta lura cewa wurin nan daidai, inda kitson ya ƙare, nan ne tsayin hancin motarta. Ta yi ƙoƙarin kawar da tunanin, ya ƙi tafiya.

"Mama, in kika ji hon, za ki kauce?"

"Hon a bikin San Pedro?"

"In dai kika ji."

"Kaucewa ai sai an san ta ina abu ke zuwa. Sanin kuma sai an waiwaya." Ta rataye tukunyar a ƙusa. "Ɗa ɗaya ya rage mini a ruwa. Ci abincinki ya huce."

Da gari ya waye Hortensia ta taka gangaren da ƙafa, daga coci zuwa bakin teku. Ba ta taɓa kallonsa da idon mai jan kaya ba. Daga sama yana farawa a hankali kamar ba komai, sai a katangar makaranta ya karye ƙasa. A daidai nan akwai wani ruwa da ke tsattsafowa daga gindin katangar yana ratsa hanya, ya tara ganyen turare da suka ruɓe suka yi santsi. Ta tsaya ta goga tafin takalminta a kai. Ya zame. Ta kalli sama, gajimare sun taru a kan teku, masu launin cikin kifi.

Daga nan ta kira Don Ovidio ta ce masa faifai.

Ya zo ya ɗaura su a tayoyin gaba na tirelar, Baffa Nicanor yana tsaye a kansa hannu a baya kamar mai gadin jarrabawa. Tayoyin baya aka bar su haka nan, ba komai a cikinsu. Suka gwada tirelar ba kaya a filin bakin ruwa, ta tsaya cak.

"Ka gani, Baffa," in ji Fermín.

"Tirela ba kaya ba ta ƙarya, ba ta kuma faɗin gaskiya," in ji Don Ovidio. Ba a iya gwadawa da jirgi, don jirgi ba ya hawa tudun coci sai ranar biki. Da zai tafi ya kira Hortensia gefe. "Abu ɗaya ki riƙe. Kada ki lallaɓa shi. In kika ji kayan sun fara rinjayar ki, zuciyarki za ta ce ki taka a hankali don kada ki zame. Kada ki bi ta. In kika shafa, barci zai ci gaba da yi. Ki taka da gaske, ki bar jirgin ya doke ki."

Ranar biki ta zo da yayyafi, irin siririn nan da ba ya ƙara ba ya raguwa. Aka tura tirelar cikin teku har tayoyinta suka ɓace, igiyar ruwa ta zo da yashi ta lulluɓe su. Fermín da abokansa suka ɗora jirgin suka ɗaure. Tun a hawa Hortensia ta ji bambancin. Motar tana nishi, hancinta yana neman ɗagawa, ƙugiyar baya tana ƙara kamar haƙori a kan dutse. Mata suna bin gefe da ƙananan kwalabe suna tarar ruwan da ke ɗiga daga jirgin.

A ƙofar coci ta juya motar ta fuskanci teku, ta ja hambirki, ta sa dutse a gaban taya. Ba ta shiga addu'a ba. Ta durƙusa ta leƙa faifan, suna nan suna sheƙi, ruwan sama yana bin su yana wucewa. Biyu ne dai. Sun yi mata ƙanƙanta ƙwarai a ƙarƙashin wannan uban jirgi.

Aka fito da San Pedro, na katako, da jar alkyabbarsa da ƙaramin kifin azurfa rataye a hannu. Aka tsayar da shi a goshin jirgi. Fada, limamin cocin, ya hau. Baffa Nicanor ya hau ya riƙe ƙafafun waliyyin. Sannan dattawa suka fara hawa ɗaya bayan ɗaya, ana tura su ta baya ana dariya. Duk wanda ya hau, Hortensia tana jin bayan motarta ya ƙara zama. Wani ya miƙa musu babbar gangar da ta jiƙe, wani ya miƙa kwandunan furanni.

"Yaya, fuskarki kamar wadda za ta kai gawa," in ji Fermín ta taga.

"Ka tsaya a gefe, kada ka shiga tsakanin mota da tirela."

Matan teku suka jeru. Baƙaƙen mayafai, kyandirori a cikin kwalabe saboda iska. Mama Zoila ta zo ta wuce ta gefen motar ba ta kalli ciki ba, ta tsaya a wurinta. Ta gilashi Hortensia tana iya ganin zaren da ya fita daga gefen mayafinta.

Makaɗa suka fara. Aka cire dutsen.

Ta sa giya ta ɗaya ta saki hambirki. Farkon gangaren ya zo da sauƙi. Ta taɓa birki, ta ji ƙwas a baya, tirelar ta zo ta jingina da motar, sannan ta ji an ɗan ja ta baya. Birkin tirelar ya farka ke nan. Ta sauke numfashi. Matan suna tafiya da irin takunsu, a hankali, a hankali ƙwarai, kamar masu tsoron tada wani daga barci. Injin yana kuka yana son ya fi haka gudu, ita kuma tana hana shi.

A madubi ba ta ganin komai sai goshin jirgin, ya cika gilashin baya gaba ɗaya, da ƙafafun waliyyi a samansa.

Katangar makaranta ta matso. Hanya ta karye ƙasa. Nauyin ya zo mata ta kujera, ta ƙashin baya, kamar wani ƙato ya dafa kafaɗunta yana turawa ba gaggawa. Wani wari ya shigo, na ƙarfe mai zafi. Ta ƙara danna ƙafa kaɗan. Tazarar da ke tsakanin hancin motar da mayafin mahaifiyarta ta ragu. Ta ƙara kaɗan. Ta sake raguwa.

Tayoyin gaba suka taka ganyen nan, suka wuce. Na baya suka taka, sai motar ta yi wani sauƙi a hannunta, sauƙin da ba na alheri ba. Bayanta ya fara karkata hagu. Ba ƙara, ba komai, ganga ma ba ta fasa ba. Mutanen da ke gefen hanya suna waƙa, wata yarinya tana ɗaga mata hannu.

Tafin hannunta ya je kan hon ya tsaya. Ta san abin da zai faru in ta danna. Wasu matan za su waiwaya su watse, su kwana da wannan har ƙarshen ransu duk lokacin da ɗansu ya fita teku. Wadda ke gabanta kuwa ba za ta waiwaya ba. Za ta ci gaba da takunta har motar ta same ta.

Ta ɗauke hannun ta kama sitiyari. Ƙafarta tana roƙon ta sassauta. Ta ɗaga ta, ta sauke da dukan ƙarfinta.

Motar ta turje, jirgin ya zo ya doke ta. Kan Hortensia ya bugi kujera. Daga baya wata ƙara ta tashi, siririya mai tsawo, kamar ana yanka alade a nesa. Suka ci gaba da zamewa, su duka, mota da jirgi da waliyyi. Farin kitson ya cika mata ido. Ta ga mayafin ya lotsa, ta ga ƙarfen gaban motar ya shiga cikin baƙin yadin, ya taɓa.

Sannan komai ya tsaya.

Ganga ta yi shiru, waƙa ta mutu a bakin mutane daga sama zuwa ƙasa. Wani abu ƙarami ya faɗo kan rufin motar ya gangaro ta gilashi ya tsaya a kan bonet: kifin azurfan San Pedro ne. Hayaƙi yana tashi daga ƙarƙashin tirelar inda ruwan sama ke sauka a kan faifan.

Mama Zoila ta yi taga-taga, ta daidaita. Ba ta juyo ba. Ba wadda ta juyo. Sun ji ƙarar, sun ji shirun da ya biyo baya, amma baƙaƙen mayafan suka ci gaba da sauka da takunsu, tazara tana buɗewa tsakaninsu da motar, har suka yi nisa su kaɗai a tsakiyar hanya da 'yan wutarsu.

Wanda ya fara saukowa daga jirgin Baffa Nicanor ne. Goshinsa ya fashe inda ya bugi ƙafar waliyyi. Bai kalli Hortensia ba. Ya ɗauki kifin azurfan ya sa a aljihu, ya ɗaga kai ya ce wa dattawa, "Ku sauko. Ƙafafunku ba su mutu ba." Suka sauko ba musu, har Fada. Fermín ya hau ya riƙe waliyyin. Haka aka ƙarasa gangaren, dattawa suna bin baya cikin ruwan sama, ba kiɗa.

Sauran bikin ya tafi yadda ya saba. Aka zaga da San Pedro a teku, aka watsa furanni, aka ci aka sha. Ba wanda ya ta da maganar katangar makaranta, sai dai duk wanda ya zo wucewa ta gaban Hortensia sai ya ƙara mata abinci a faranti.

Da safe ta je rumfar. An mayar da tirelar jiya da yamma bayan an sauke jirgi a ruwa, kuma gishiri har ya fara fitowa. A kan faifan biyu, da zafi ya mayar da su shuɗi-shuɗi, akwai ɗigo-ɗigon ja ƙanana, kamar ƙuraje. Kwana ɗaya ke nan. Ta tsaya tana kallon su, hannunta ba komai, don ta zo ne ba tare da ta yanke abin da za ta yi ba.

Ta ji taku. Mama Zoila ce, da bokitin ruwan rijiya a hannu, tana tafe tana karkacewa. Siket ɗin jiya ne a jikinta. A bayansa akwai dogon layin laka a miƙe, daidai faɗin ƙarfen gaban mota.

"Mama, kawo in karɓa."

"Matsa."

"Kin ji ciwo?"

"Na ji ɗumin inji a bayana tun daga ƙofar coci. Na ce yarinyar nan ko so take ta busar mini da mayafi." Ta ajiye bokitin. "Waɗanne ne?"

Hortensia ta nuna mata tayoyin gaba.

Hasken ƙofa ya ragu. Baffa Nicanor ne tsaye a wurin, da filasta a goshi. Ya kalli bokitin, ya kalli matar ƙaninsa.

"Zoila."

"Yaya Nicanor. Ina kwana."

"Kin fi kowa sanin abin da ya biyo baya wancan karon."

"Na sani. Na kuma san abin da ya biyo bayana jiya." Ta cika gwangwani. "Baɗi wata za ta tsaya a gaban motar nan, ko ni ko wata. Jikin tirelar na bar wa San Pedro, ya sha gishirinsa. Waɗannan biyun nawa ne."

"In teku ta tambaya, sunan wa za a ba ta?"

"A ba ta nawa. Ta san gidan."

Ta sunkuya ta zuba. Ruwan ya bi faifan ya sauka ƙasa fari-fari, ya yi hanya cikin ƙasar rumfar, ya ratsa tsakanin takalman Baffa Nicanor ya fita waje. Bai matsa ba, bai kuma hana ta ba. Ta zagaya ta zuba wa ɗayan, a hankali, har bokitin ya ƙare.

Hortensia ta fito waje don rumfar ta yi mata ƙunci. Ruwan sama ya ɗauke, amma iska ta juya tana zuwa daga arewa, inda hadari ke tasowa. Jiragen Melimo sun fita tun da asuba, don kamun washegarin biki ba a barin sa. Ta neme su a bayan tsibirin duwatsu. Ta ga na Fermín, ɗan ƙarami, ja da fari. Igiyar ruwa ta ɗaga shi, ta sauke shi inda ido ba ya kaiwa. Ta tsaya tana jira ya sake fitowa.